Amsa kan dafa farin kifi da miya mai tsami-tsami

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce kina son haɗa farin kifi da miya mai ɗan tsami don abincin dare, amma kifin yakan dagargaje, tsamin kuma ya koma ɗaci. A ganina, duka biyun matsalar lokaci ce: kifin da lemon tsamin suna shiga tukunya da wuri.

Idan kin shiga kasuwar kifi ta Galadima da ke Kano, ki nemi giwan ruwa, domin tsokarsa tana da ƙarfi kuma ba shi da yawan ƙaya. Ƙarfasa, irin wadda ake kamowa a madatsun ruwa kamar Tiga, ta fi zaƙi amma ƙayarta tana wahalar da yara. Cikin kifin ƙanƙara, panla shi ne farin, sai dai ya fi saurin farfashewa, don haka ki bari ƙanƙarar ta saki gaba ɗaya, ki tsane ruwan. Titus kifi ne mai maiƙo, ba ya cikin wannan lissafi.

Ki wanke gunduwoyin da gishiri da lemon tsami don kashe ƙarni, ki ɗauraye nan take, saboda idan ya kwana ko ya daɗe cikin lemon, tsokar tana yin gari tun kafin ta ga wuta. Ni nakan ɗan soya kowane gefe na minti 2, ba don ya dahu ba, sai don ya riƙe jikinsa.

Miyar kuwa a gama ta tukuna. Ki soya albasa da jajjagen tumatir, tattasai da attaruhu kaɗan har mai ya taso, ki zuba citta, tafarnuwa da masoro, sannan ki tace tsamiyar da kika jiƙa a ruwan ɗumi ki riƙa zubawa cokali-cokali kina ɗanɗanawa. Tsamiya tana jure tafasa, lemon tsami kuwa ƙamshinsa yana gudu a wuta, kuma idan 'ya'yansa ko ɓawonsa suka faɗa ciki, daga nan ɗacin yake fitowa, shi ya sa ba na matsa shi sai na sauke tukunya. Kada ki saka kanwa kamar yadda wasu suka saba a miyar tumatir, domin ita ce take kashe tsamin da kike nema. Idan tsamin ya yi yawa, ƙarin soyayyar albasa ko ɗan sukari zai daidaita shi.

Bayan miyar ta yi kauri, ki jera kifin, ki rage wuta, ki rufe na minti 8 zuwa 10. Ludayi ba ya shiga daga nan. Ki kama hannun tukunyar ki girgiza a hankali. Da dare na fi son shi da gurasa ko dafaffen dankali, domin sun fi shinkafa shan romon.