Ka kama ɓarawo a shagon Ingila an dakatar da kai, to yanzu fa?

Wani ƙaninmu ɗan Gangare da ke aiki a wani babban kanti a Manchesta ya turo min saƙo cikin dare. A taƙaice, wani ya cika jaka da kaya ya nufi ƙofa, shi kuma ya bi shi ya riƙo rigarsa, suka yi kokawa har jakar ta faɗi, ɓarawon ya tsere. Washegari manaja ya dakatar da shi, wai ya karya dokar kamfani ta hana taɓa ɓarawo, an sa masa ranar zama. Kamfanin ne ya ɗauki nauyin bizarsa, shekararsa biyu da rabi da su. Tambayarsa ita ce, Yaya, adalci ne a kori mutum don ya kare dukiyar ubangidansa?

Ƙanena, in ra'ayina kake so, kora ta yi yawa. Mutumin da bai taɓa laifi ba, bai ji wa kowa ciwo ba, gargaɗi a rubuce ya ishe shi. Amma ba ni zan zauna a kujerar ranar ba, don haka tsaya ka ji yadda su suke lissafi.

Nan Jos ai ka san yadda muke, yaron shago a Tamina in aka ɗauke kaya yana kallo, daga kuɗinsa za a cire, wani maigidan ma cewa zai yi da shi aka haɗa baki. Maigadi kuwa da ya bari ɓarawo ya wuce ya gama aiki kenan. Ihun ɓarawo ɗaya layi ya cika. Da wannan muka tashi, shi ya sa hannunka ya riga tunaninka. A can kuwa kayan an riga an sa asararsu cikin lissafi, abin da ke tsorata su shi ne a soke ka da wuƙa ko ɓarawon ya faɗi ya fasa kai ko wata tsohuwa mai sayayya ta karye a turmutsutsun, duk kamfanin za a maka a kotu, kuɗin lauya kaɗai ya ninka jakar nan sau nawa. Kuma satar ba kaɗan ba ce, a 2024 'yan sanda sun rubuta satar kanti sama da 500,000 a Ingila da Wales, to in kowane ma'aikaci zai yi dambe da kowane ɓarawo ai asibiti zai cika. Ba a Ingila kaɗai ba ma, a 2023 kamfanin Lululemon ya kori mata biyu a jihar Jojiya ta Amurka bayan sun bi ɓarayi waje, mutane suka yi ta surutu, shugaban kamfanin ya ce kaya ne kawai, bai janye ba. Kantin Lowe's na Amurka kuwa a shekarar sun kori wata dattijuwa kan irin haka sai surutu ya sa suka mayar da ita.

Abin da ke rikita mutane shi ne dokar ƙasa ba ta hana ka ba. Dokar laifuka ta Ingila ta 1967 ta yarda mutum ya yi amfani da ƙarfi daidai misali don hana laifi. To amma wannan tsakaninka da 'yan sanda ne, ita kuma takardar da ka sa wa hannu ranar ɗaukar aiki tsakaninka da kamfani ce, kuma ita za a buɗe a gabanka.

Yanzu ga inda ya fi damuna. Bature ɗan ƙasa in an kore shi gobe zai nemi wani aikin, kai kuwa kamfanin sai ya sanar da ma'aikatar cikin gida a cikin kwana 10 na aiki, daga nan yawanci a rage maka biza zuwa kwana 60, ko ka sami wani mai ɗaukar nauyi ko ka haɗa kaya. Kwana 60 wallahi kamar yau ne. Don haka tun yanzu fara tura takardun neman aiki a ɓoye, kar ka jira hukunci.

Ranar zaman kar ka je da kirarin jarumta, kar ka ce ko gobe haka zan yi, wannan maganar ita ke korar mutane. Ka ce ka gane dalilin dokar, abin ya zo ba shiri, ba za ka sake ba. Ka nemi a ba ka zargin a rubuce da hoton kyamara kafin ranar. Ka duba ko sun taɓa horar da kai kan dokar, da kuma ko wani ya taɓa yin irin haka aka bar shi da gargaɗi, wannan hujja ce mai ƙarfi. Doka ta ba ka damar zuwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiya, kar ka shiga kai kaɗai. In kana cikin Usdaw, ƙungiyar ma'aikatan kantuna, kira su yau, in ba ka ciki to ba a fafe gora ranar tafiya, da wuya su karɓi matsalar da ta riga shigarka, sai ka kira Acas, hukumar sasanta ma'aikaci da kamfani, ko Citizens Advice, masu ba jama'a shawara, kyauta ne. Kuma kar ka ajiye aiki da kanka don fushi ko don wani ya ce ya fi mutunci, sai lauyan shige da fice ya gani.

In sun kore ka, ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin nan take. Tunda ka haura shekara 2 kana da damar zuwa kotun ma'aikata, amma sai ka bi ta Acas tukuna, wa'adin kuma wata 3 ba kwana ɗaya, kuma kotun ba ta tsayar da agogon biza.

Maganar gida, ka ce Baba ya ji ya ce ka yi abin maza. Allah ya ƙara masa lafiya, kar ka yi masa musu. Amma ka kira babban wanku ka gaya masa gaskiya cewa kuɗin wata biyu ko uku masu zuwa ba tabbas, a dakata da ginin nan na Rikkos, a fara da kuɗin makarantar yara da maganin Hajiya. Ka turo min takardar dakatarwar in duba kafin ranar.