Bambancin "borrow" da "lend"

Malama, kin tambaya ko daidai ne ɗanki ya ce "borrow me your pen", kamar yadda yake ji a makarantarsu a Tudun Wada. Ba daidai ba ne, ko da yake an saba jin haka a Kaduna. Mai karɓar aro shi ke yin "borrow", mai bayarwa kuma "lend", don haka "lend me your pen" zai ce. Hausa na cikin abubuwan da ke jawo ruɗanin, domin da kalma ɗaya muke cewa "na ari biro" da "ara mini biro". Ki gyara masa tun yanzu, domin irin wannan kuskuren yana cin maki a jarrabawar WAEC.