Turu, riƙo da jinya

Wata mai karatu ta tambaya: a ƙasashen da aka taɓa damƙa masu taɓin hankali ga iyalai su zauna da su a gida, daidai ne a ce "gidan mahaukata"?

A'a, kuma wannan sakacin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Abu biyu ne aka cakuɗa. A Ingila ta ƙarni na 18 akwai masu buɗe gidajensu suna karɓar marasa lafiya don kuɗi, wasu har da sarƙa, kuma ɓarnar ta kai majalisa ta yi dokar 1774 da ta wajabta musu lasisi. Wannan tsarewa ce, ku kira shi gidan mahaukata ban hana ba. Amma a garin Geel na Beljiyam, masu ziyarar cocin Dimfina, waliyyiyar Kiristoci, don neman waraka daga taɓin hankali ne suka yi wa cocin yawa, sai mutanen gari suka shiga kai su gidajensu. A can mutum zai ci da iyali, ya bi su gona, ya yi shekara da shekaru a ɗaki guda. A shekarun 1930 irin waɗannan baƙi sun haura 3,000. Kalmar wannan ita ce riƙo, kamar yadda ake cewa ɗan riƙo. Wanda aka riƙe ɗan gida ne. Mai fassarar da ya rasa wannan kalma a bakinsa, ban san me yake fassarawa ba.

Wani ya ce: mene ne turu?

Gungumen icen da ake ɗaure ƙafar wanda haukansa ya tsananta. Mari kuwa na ƙarfe ne, kuma wasalinsa na farko gajere, ba irin na marin kunci ba.

Haukan ko haukar?

Duka ana ji. Ni haukan nake rubutawa.

Majinyaci shi ne maras lafiya ko mai kula da shi?

Yau galibi maras lafiya ake nufi. Jinya ce mai fuska biyu: wanda ke kwance yana jinya, wanda ke zaune gefensa ma yana jinya. In kana gudun ruɗani, ka ce mai jinyarsa.

"Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta" tana nufin ciwon?

Ko kusa. Borin kunya ne, mai lafiya ƙalau ke yin sa.