Je ka gaida surukinka

Ɗana, saƙonka ya iso tun shekaranjiya. Jikata ce ta karanta mini, ita ce kuma ke rubuta wannan, don idona ya fara gardama da ƙananan baƙaƙen salula. Da ta kai wurin da ka ce kana so a wanke maka babban hoton mahaifin matarka ka rataye a falo, duk shekara kuma ranar da ya rasu ka sa shi a WhatsApp, na yi dariya har Hajiya ta leƙo. Amma da ta zo kan tambayarka ta biyu, wai tunda ya rasu shekara tara kafin aurenku, ba ka taɓa sa shi a ido ba, ko akwai laifi in ka kama sunansa, sai dariyar ta tsaya mini a wuya. Yamai ta fara cinye ka, ɗan nan.

Ni ma ban tarar da nawa surukin ba. Ya rasu a 1973, shekarar farin nan da ya kwantar da shanu, ni kuwa sai 1976 aka ɗaura mana aure, Kunce na da shekara biyu a kan mulki. Lokacin ina jin kaina. Na ɗan yi lakwal, ina rubutu a kantin wani Alhaji a babbar kasuwa, ga wando mai faɗin ƙafa, ga keke sabo.

Ƙaramar Sallar farko bayan auren na tafi unguwar Mokoyo, nan Maraɗi, gaida Inna, uwar Hajiya. Takalmi dai na cire tun daga zaure, wannan ko mahaukaci ya sani. Na durƙusa daga bakin ƙofa, tana ciki ta ba ni gefe. Aka gaisa, aka ƙara gaisawa. Maimakon in ajiye goron in tashi, sai bakina ya ɗauke ni. Na ce, Inna, wai marigayi wane da gaske ne gyaɗa yake saye? Na kira sunan gatsal, kamar ina kiran yaron kanti. Har yau ina jin shirun da ya biyo baya. Yarinyar da ke daka a tsakar gida ta tsaya da taɓarya a sama. Inna ta ja mayafi ta rufe baki, ba ta ce uffan ba. Can sai ta sa aka dama hura a sabuwar ƙwarya, aka rufe da faifai, ta ce da ƙanen Hajiya, “Raka shi unguwar Bagalam, ya je ya gaida surukinsa.”

Na fito kaina a ɗaure. Wane suruki kuma, mutumin da ke ƙasa shekara uku? Yaron ya bi da ni lungu-lungu, ina tura keke da hannu ɗaya, ƙwarya a ɗayan, hura na zuba a kan wandon Sallah. Muka tarar da wani tsoho makaho a kan buzu a zaurensa. Yaron ya raɗa masa magana a kunne, kuma na tabbata ba gaisuwa kaɗai ya raɗa ba. Tsohon ya ce in matso. Ya shafa kaina, ya shafa kunnuwana, ya ce, “Kunnen dai akwai shi.” Sa'an nan ya ce wanda ya haifa maka mata bai mutu a gidanka ba, muddin ɗiyarsa na hura maka wuta.

Daga azahar har aka kira la'asar yana ba ni labarin abokinsa. Akushi ɗaya suka ci tun suna yara a tsohon gari, can ƙasa a fadama. Da Gulbi ya cinye garin a 1945 aka dawo da mutane nan kan tudu, su biyu suka yi ta jidar azara a ka, suka fara rufa ɗakin uwar wannan, sa'an nan na uwar wancan. Daga baya, zamanin da gyaɗa ke kuɗi kamfanin Sonara na kwasa, marigayin ya shiga saye a ƙauyuka. In zai auna wa talaka hatsi sai ya tula tiya har ta zube. Bai ɓoye mini aibinsa ba kuma: ya ce mutum ne mai zafin rai, ya taɓa yin wata biyu bai yi masa magana ba a kan tunkiya. Ko sau ɗaya bai kama sunansa ba, sai dai “mutumina”. Ina shirin tashi ya ce, kamar da bango yake, tun da idonsa ya tafi duk kaka mutuminsa kan aiko masa da dami biyu. Bai roƙa ba. Ya faɗa ya ja carbinsa.

Da na koma gida na ba mahaifina labari, kakanka ke nan, bai tausaya mini ba ko kaɗan. Ya ce abokin uba ai uba ne, Inna ta yi mini gata da ba ta aika aka faɗa masa ba. Ya ce ko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa zumunci da abokan mahaifi cikin mafificin biyayya, balle kai da aka ba ka ɗiya ba ka noma wa ubanta ko kunya ɗaya ba. A zamaninmu saurayi kan tara abokai ya kai gayya gonar suruki, ni kuwa na samu mata ban zubar da gumi ba. Kakar nan na ɗora dami biyu a amalanke na kai Bagalam, haka na yi ta yi shekara takwas.

Ta tara ce ke cina. A 1984 damina ta ƙi, Najeriya ta rufe iyaka, yunwar da muke kira El Buhari ta sauka. Na ce bari in ga abin da rumbu zai yi tukuna. Ina cikin bari-bari aka aiko tsohon ya cika. Na je jana'iza ba na iya haɗa ido da kowa, alhali ba wanda ya san da maganar sai ni da shi da Hajiya.

Yanzu ku an sauƙaƙa muku komai. A sa hoto, mutum ɗari su rubuta Allah ya jiƙan rai, kowa ya wuce, gwauruwar da ya bari tana can ba wanda ya tambaye ta ko rufin ɗakinta na yoyo. Batun halaccin rataya hoto, da sadakar bakwai da ta arba'in, malaman garin nan sun fi shekara arba'in suna ja-in-ja a kai, ni ba zan shiga tsakaninsu da tsufana ba. Tambayi naka malamin. Addu'a dai ban taɓa jin wanda ya hana ba, haka randar ruwa a ƙofar masallaci da niyyar ladan ya kai gare shi.

Suna kuwa, ɗan'uwanka da kuke kira Abba, ka taɓa jin na kira shi da na yanka? Shekararsa arba'in da wani abu. Ko a takardar lakwal, Hajiya ta sa ƙanenta ya faɗa wa malamin.

In kun zo Sallah ka biyo ta nan mu tafi wurin surukarka tare. Kada ka tambaye ta labarin mijinta, ba za ta ba ka ba, kunya za ka sa ta. Ka tambayi matarka tun a hanya wane ne yake cin abinci da babansu a ƙofar gida, in yana raye mu nemo shi. Ka zo da goro da sukari, salular kuma ka bar ta a aljihu. Hajiya na gaida ɗiyarta, ta ce a faɗa maka wandon nan har ya tsufa tabon hurar bai fita ba.