LTspice ya tsaya da "Time step too small" a filtar Sallen-Key: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Agege. Ina haɗa filtar Sallen-Key mai tace sauti, wadda za ta bar abin da ke ƙasa da 1kHz ya wuce. Na sa rizisto 10k biyu, kafasito 15n biyu, TL072 (guntun op-amp mai ƙara ƙarfin sigina) da batir 9V guda. Don ƙara ƙarfin sigina na sa 22k daga mafita zuwa ƙafar ragi, da 10k daga nan zuwa ƙasa. A LTspice, manhajar gwada da'ira a kwamfuta, gwajin .ac (na mita) yana zana layi, amma .tran (na lokaci) sai ya tsaya da "Time step too small". Kafin in je kasuwar Alaba sayen kaya, me zan gyara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kada ka taɓa saitin manhajar tukuna, laifin na da'irar ne.

SPICE, wato injin lissafin da ke cikin LTspice, lalube yake yi: ya yi hasashen wutar kowace mahaɗa, ya lissafa, ya gyara, har amsoshi biyu a jere su kusa daidaita. In suka ƙi, sai ya rage tsawon takunsa na lokaci ya sake. Saƙon da ka gani na nufin ya rage har ya kai ƙarshe bai dace ba.

Babban abin shi ne 22k ɗin nan. Ninkin da'irarka 1 + 22/10 ne, wato 3.2. A Sallen-Key mai rizisto iri ɗaya da kafasito iri ɗaya, Q, wato ma'aunin tsinin filtar a wurin yanka, shi ne 1/(3 − ninki). Da ninki ya kai 3, ta tashi daga filta ta koma mai kaɗawa da kanta: siginar ta yi ta girma har ta bugi iyakar batir, kuma a wannan bugun lissafi ke sarƙewa. Shi .ac ba ya ganin haka, domin yana miƙe da'irar ne a wuri guda ya zana, ko da a zahiri ba za ta zauna ba. Shi ya sa layinsa ke ruɗin mutane. Cire 22k ka sa 5.6k. Ninki ya zama 1.56, Q wajen 0.69, dab da Butterworth, wato filta mai shimfiɗaɗɗen layi ba tsini, yankan kuma yana nan a kusan 1,060Hz. In kana son ƙarin ƙarfi, ai TL072 op-amp biyu ne a gida ɗaya, ba wa na biyun wannan aikin.

Sai batir. TL072 ba ya aiki idan mashigarsa tana zaune a kan ƙafar wutarsa ta ƙasa, kai kuma siginarka a 0V take. Mafi sauƙi ka ba shi +9V da −9V. In dole batir ɗaya ne, raba shi da 100k biyu ka samu 4.5V, ka sa 10u a kai zuwa ƙasa, ka mayar da 10k ɗin ninki can. Siginar ta shigo ta kafasito, bayansa rizisto 100k zuwa 4.5V ɗin. Kada ka manta da wannan riziston: a lissafin farko SPICE yana ɗaukar kafasito kamar yankakkiyar waya, mahaɗar da ba ta da wata hanya sai ta rataye.

Duba jerin ƙafafu ma. A guntun da za ka saya, 8 ce ta wutar +, 4 ta wutar −, amma a fayil ɗin samfurin TL072 da manhajar ke amfani da shi jerin daban ne, yana rubuce a saman layin .subckt. Don ka gane ko samfurin ne, musanya shi da UniversalOpamp2, samfurin op-amp da ke cikin LTspice; in ya gudu, ka kama ɓarawon. Af, M a SPICE mili ce. Wanda ya rubuta 1M a rizisto yana nufin miliyan ya sa kusan waya ke nan, 1Meg ake rubutawa.

In duk wannan ya daidaita yana nan yana tsayawa, to sai saiti, ɗaya bayan ɗaya. Ƙara kalmar startup a layin .tran domin wutar ta hau a hankali cikin 20µs. Bai yi ba, sa .options cshunt=1e-15, sannan method=gear. Reltol kuwa, wato iyakar kuskuren da lissafin zai yarda da shi, asalinsa 0.001, ni ba na son a wuce 0.003, ɗaga shi zuwa 0.01 kan kashe saƙon, amma layin da zai ba ka ba lalle ya yi kama da abin da za ka auna a allon gwaji ba.