Amsa ga ɗanmu mai rumfar POS: ni ma na yi shekara tara a gindin dogon yaro

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana, tun daren jiya na karanta tambayarka, kuma da ita na kwana. Ka ce shekarunka 27, ka gama digiri, ka yi hidimar ƙasa, yau shekara uku kana zaune a rumfar POS a bakin kasuwa nan Gombe. Ka ce kana yaro likita kake son zama, in ka tuna wancan yaron sai kunya ta rufe ka, kana tambayar manya ko aikin farko da mutum ya yi ba da son ransa ba asarar shekaru ne. Masu ba ka haƙuri sun ba ka, Allah ya saka musu da alheri. Ni labarina zan ba ka, don na yi irin zaman da kake yi.

A Jekadafari aka haife ni, a 1967. Allo na fara riƙewa, boko kuwa sai 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta kawo UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka kwashe mu gaba ɗaya, ina ɗan shekara tara. A ajinmu akwai waɗanda suka girme ni, akwai wanda hannunsa bai ko kai kunnensa ba. A shekarar ne kuma aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, Gombe tana cikinta. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, dako yake yi, kuma kakar auduga ita ce kakarsa, don garin nan auduga ce ta ɗaga shi, tun 1956 akwai gidan gurza. Jirgin ƙasa ya iso Gombe a 1963, ya zarce Maiduguri a 1964, saboda haka mun buɗe ido mun tarar da shi. In ya busa daga nesa, ba mai iya riƙe mu. Mukan ruga tasha mu tsaya muna kallon direba ya leƙo da kai ta taga, hannunsa baƙi ƙirin da mai, leburori suna loda dilolin auduga. A idona duk duniya ba wanda ya kai mutumin nan. Ko malam ya tambaye mu a aji, amsata ɗaya ce: direban jirgi.

Na daɗe kafin na gane cewa sana'o'in da na sani a lokacin ba su wuce yatsun hannu ɗaya ba: malamin makaranta, malamin asibiti, ɗan doka, ɗan dako, direban jirgi. Cikinsu na zaɓi wanda ya fi cika mini ido. Kai ma ina jin haka ne, wataƙila wani likita ya taɓa duba mahaifiyarka ta samu sauƙi, ko kuwa shi ne sunan da manya suka fi yi wa murmushi in yaro ya ambata. Yaron bai san kuɗin makaranta ba, bai san makin JAMB ba, bai san za a wayi gari ƙannensa suna jiran abin da zai shigo da shi da yamma ba. Ka so shi, ka tausaya masa, amma kada ka ɗora shi a kujerar alƙali.

Na gama aji biyar na sakandare a 1987, sakamako ya fito, na faɗi Turanci. Lokacin SAP ɗin Babangida, shirin nan na tsuke bakin aljihu, ta shekara guda, kaya sun yi tsada, aikin gwamnati ya yi wuya, jirgin ma ya fara ja da baya. Kawuna ya kama hannuna ya kai ni wurin wani dattijo da muke kira Baba, da ke buga wa mutane takardu a gindin wani dogon yaro kusa da gidan waya. Tebur ɗaya, benci ɗaya, tafireta, takardar kabon, ambulan da kan sarki a cikin gwangwani. Wata uku Baba bai bar ni na taɓa takardar kowa ba. Yatsu takwas a layin tsakiya, ido a kan rubutu, ba a kan maɓallai ba. Da na fara karɓar aiki, kuskure ɗaya ya isa a sake takarda daga farko, kuɗinta kuma daga ladana, wanda a farko sule biyar ne kan kowace wasiƙa. Yana da wani tsohon littafi da ya cika da hannunsa, samfurin takardar neman aiki, takardar koke, yarjejeniyar cinikin gona, takardar neman fansho. A littafin nan na koyi Turancin da shekara biyar ta sakandare ba ta zaunar mini ba.

Amma bugun shi ne ƙaramin abin da ke cikin aikin. Mutum zai taso daga Dukku ko Kumo ko Deba, ya zauna a bencin nan ya yi rabin sa'a yana magana, wani da Hausa, wani da Fillanci, wani sai an nemo mai jin Tera ko Tangale. Zai fara daga kakansa, ya bi ta rigimar da aka yi shekara goma baya, ya yi fushi, wani har ya share hawaye. Kai kuma aikinka ka fitar da layi goma da wanda ke ofis zai karanta ya gane abin da ake nema. Na rubuta wa tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin basasa suna bin haƙƙinsu. Na rubuta wa matar da mijinta ya rasu, dangi suka sa ido a gonar marayu. Na rubuta wa uwa zuwa ga ɗanta da ya tafi Legas ya yi shiru, ta ce kada in sa cewa ba ta da lafiya, in dai ce tana gaishe shi. Dokar Baba biyu ce. Kafin mutum ya dangwala yatsa, sai ka karanta masa abin da ka buga, ka mayar masa da harshensa kalma bayan kalma. Sannan abin da aka faɗa a bencin nan, a nan yake kwana.

Sau ɗaya na karya masa doka. Ya tafi jana'iza, wani mutum ya zo da kuɗi ninki uku ya ce in buga yarjejeniyar sayar da fili, mai filin zai sa hannu daga baya. Na buga, ya ce zai dawo ya karɓa da la'asar. Da Baba ya dawo ya gani, bai ɗaga murya ba. Ya yaga takardar da kwafinta, ya ce in tashi in kai wa mutumin kuɗinsa har gida. Da ƙafa na je Bolari, rana tsaka. Da na dawo ya ce mini: wanda bai iya karatu ba, idonka ne idonsa, in ka ci amanarsa makaho ka tura rami. Ban sake ba har yau.

To, ga inda na yi asara, kuma saboda wannan ne na zauna nake rubuto maka. Abokan karatuna sun wuce jami'a, wasu Maiduguri, wasu Zariya, wasu Bauchi. In an yi hutu suka zo gidan waya, sai in sunkuyar da kai kamar ina gyaran takarda, ko in zagaya baya har su tafi. Ɗaya daga cikinsu, Allah ya yi masa albarka, ya same ni ya ce in sake zana GCE, shi zai biya kuɗin fom. Na ƙi. Dalilina kawai shi ne kada a gan ni a ɗakin jarrabawa tare da ƙannen bayana. Ban zana jarrabawar nan ba sai 2000, ina da shekara 33 da 'ya'ya uku, kuma zama ɗaya na ci. Shekara goma sha uku ke nan. Tafireta ba ta cinye mini ko ɗaya daga cikinsu ba, kunya ce ta cinye su, tare da zumuncin mutanen da ba su taɓa raina ni ba.

Ranar 1 ga Oktoba 1996 Janar Abacha ya ba mu jiha. Ma'aikata 'yan asalin Gombe suka kwaso daga Bauchi, ofisoshi ba su wadata ba, kowa yana neman a buga masa takarda. Har dare muke aiki da fitilar ƙwai. A 1997 wani jami'i ya aiko a kira ni. Ashe shekaru baya na taɓa buga wa mahaifinsa takardar koke kan wata magana ta cikin gida, kuma bai taɓa jin ta a bakin kowa ba. Ya ce suna neman wanda za a ba takardun sirri. Haka na shiga aiki a mataki na 03. Da kwamfuta ta zo, wata yarinya mai hidimar ƙasa ce ta koya mini, sa'ar ƙanwata ta uku. Wannan karon ban ji kunya ba, na riga na san farashinta. Haruffan ma inda na bar su a tafireta nan na same su. Daga baya na yi difloma a Bauchi, yanzu ritaya ce ke ƙaratowa.

Ba zan ce maka kowa haka ta yi masa kyau ba. Mu huɗu ne a gindin bishiyar nan daga baya. Biyu sun riƙe tafireta har shagunan kwamfuta suka ɗauke musu ciniki gaba ɗaya, kuma sun sha wuya ƙwarai. Rumfar POS ma wata rana wani abu zai zo ya maye gurbinta, don haka ban ce ka miƙe ƙafa ba.

Sai dai ka dubi abin da ke hannunka yanzu. Tsohuwar da ke miƙo maka katinta ta faɗa maka lambar sirrinta, ita ce mai zama a bencinmu. Ka nuna mata ta danna da kanta, ka karanta mata abin da ya fita da abin da ya rage. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 duk mun ga yadda wasu suka yanka mutane, wasu kuma suka ji tsoron Allah, kuma har yau 'yan kasuwa sun san waye waye. Ka riƙe littafi, kowace shiga da fita da kwanan wata, don ranar da kuɗin wani ya maƙale shi ne shaidarka. Ka ware awa biyu kullum na abin da zai ɗaga ka daga nan, kada ka ce sai ka samu natsuwa, ni ma haka na riƙa cewa. In abokin karatunka ya tsaya da mota a gaban rumfarka, ka riga shi sallama, ka kira sunansa.

Ba ka faɗa mana abin da ka karanta a jami'a ba, ba ka kuma ce ko har yanzu ranka na kan aikin lafiya ba ko sunan ne kawai ya rage. Ka rubuto mana wannan. A zauren nan akwai ma'aikatan asibiti, akwai 'yan kasuwar hatsi, akwai malamai, kuma ni ma in takardar neman aiki ce kake son a duba maka, ka turo, sana'ata ce tun 1988.