Tambaya da Amsa: Matsalolin Ciko a AutoCAD

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zana gida mai ɗaki uku a AutoCAD, manhajar zane ta kwamfuta. Idan na kira umarnin HATCH na danna cikin bango don in yi masa ciko, sai ya ƙi, ya fito mini da jajayen da'irori. Ni kuwa ina ganin layukan a haɗe suke. *Ɗalibin zanen gine-gine, Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam. Idonka ne ke ganinsu a haɗe. Jajayen da'irorin nan suna nuna inda aka bar kafa, ko da rabin milimita ce. Ka zuƙo wurin sosai, ka kira FILLET, ka sa radiyos 0, ka danna layukan biyu, za su game a kusurwa. REGEN zai share da'irorin. Ka kuma tabbatar iyakar duka tana bayyane a allo kafin ka danna.

Akwai HPGAPTOL, wanda ke sa manhajar ta kau da kai daga ƙananan kafofi. Idan da milimita kake zane, 5 ya isa. Amma ban so ka saba da shi ba, domin kafar tana nan, kuma za ta dame ka ranar auna faɗin ɗaki. Abin da ya fi, ka zagaye bangon da PLINE, wato layi ɗaya mai haɗe da juna, ka rufe da harafin C, sannan ka zaɓi layin kansa maimakon danna tsakiya. Ka bar Associative a kunne, don cikon ya bi bangon idan ka matsar da shi.

Tambaya: Malam, ni nawa cikon yana shiga, sai dai samfurin ANSI31, mai layuka a karkace, ya fito baƙi ƙirin, wani lokacin kuma ba na ganin komai. *Wata mai karatu, Kano*

Amsa: Malama, matsalar sikeli ce. Tazarar layukan ANSI31 a sikeli 1 milimita 3.175 ce. A bangon bulo mai inci 9, wato kusan milimita 225, layukan sun cushe ke nan, shi ya sa kike ganin baƙi. Idan za ki buga zanen a 1:50, ki sa sikeli 25: tazarar za ta kai kusan milimita 79 a zanen, ta fito kamar 1.6 a takarda. A 1:100 ki ninka. Idan kuma ba ki ga komai ba, sikelin ya yi yawa har layi ko ɗaya bai faɗo cikin bangon ba.

Kada ki sa wannan lissafi a kan masu farawa da AR, irin su AR-CONC na kankare da AR-SAND na yashi. Su an yi su da girman gaske, don haka ki fara daga 1. Wanda ke zane da mita sai ya sauka zuwa 0.001.

Ki duba saitin MEASUREMENT ma. Idan 0 ne, manhajar tana ɗauko samfuran inci daga fayil ɗin acad.pat, sai komai ya ƙanƙance sau 25.4. Ki mayar da shi 1, ko ki riƙa buɗe sabon aiki da fayil ɗin farawa na milimita, acadiso.dwt. In har yanzu ba ya bayyana, saitin FILLMODE, mai kunna bayyanar ciko, ya zama 1, sannan REGEN.

Tambaya: A zanen safiyo, AR-CONC yana wargajewa, 'yan siffofin nan masu kusurwa uku da ke cikinsa ba sa haɗuwa. *Ma'aikacin safiyo, Bauchi*

Amsa: Ranka ya daɗe, zanenka yana kan lambobin UTM, masu nuna matsayin fili a taswira, nesa ƙwarai da mafarin zane, wato 0,0, kuma daga mafarin nan ake lissafa cikon, sai kuskure ya taru. Kada ka matsar da zanen, za ka ɓata lambobin filin. Ka danna cikon, ka zaɓi Set Origin, ka danna wata kusurwa ta wurin, zai daidaita nan take. Kada kuma ka fasa shi da EXPLODE don gyara da hannu: dubban guntayen layuka za ka samu, fayil ya yi nauyi, faɗin wurin da Properties ke nunawa kuma ya ɓace.